Godiya ga mutanen Magazin da duk wanda ya tsaya mana kan motar marayu

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo, Asawase da Sabon Zongo, da 'yan'uwana masu sana'ar doya. Alhamdulillahi, Hilux ɗin gidanmu ta fito daga Suame Magazine, wato Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ta je Ejura ta dawo lafiya. Yaba kyauta tukwici. Ƙafata ba za ta kai ni gida-gida ba, shi ya sa na zaunar da ɗiyata da waya, ina faɗa tana rubutawa.

Wanda ya san mu ya san motar nan ita ce abin da Malam, Allah ya jiƙansa, ya bar wa yara. Ƙaninsa ke tuƙi, ni ke riƙe da littafin kuɗi. Mu ba a bakin titi muke sayen doya ba, gonaki muke shiga, daga bayan Ejura har wajen Atebubu, inda babbar mota ba ta kuskura ta sa kai da damina. Tayar da motar ta zo da ita, 205R16, tsayinta wajen inci 29 ne, kuma kullum cikin motar na dukan ƙasa a ramukan da taraktoci suka bari. Sai muka ɗan ɗaga ta, muka sa mata 285/75R16, mai kusan inci 33. Ta wannan ɓangaren ta biya buƙata, cikinta ya tashi da kamar inci 2, laka ta daina kama ta.

Amma daga nan mota ta zama wata iri. Tashi da kaya sai an yi ta lallashin kuloci. Giya ta biyar ta zama ado, ko ɗan tudu aka gani sai an sauko ta uku. Hayaƙi baƙi, dizal kuma na gan shi a littafi tun kafin direba ya yi magana. Ranar da abin ya kai maƙura, da sabuwar doya a baya, ana ruwa bayan magariba, kuloci ya ƙone ƙurmus a wani hawa tsakanin Ejura da Mampong.

Godiyata ta farko ga direban babbar motar masara da ya tsaya cikin ruwan nan, bai san mu ba, ya ɗaura sarƙa ya ja motar har inda ake ganin wutar lantarki, ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya. Sai ku Hajiyoyin kasuwa da kuka rarraba kayana a motocinku da asuba, doya ba ta kwana biyu a hanya ba, kuka kawo min kuɗina cif. Allah ya rufa muku asiri yadda kuka rufa min.

A Magazin kowa ya san ba a rasa mai magana. Na farkon da ya leƙa motar, ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce inji ya mutu, a nemo wani. Da na ji kuɗin sai da na nemi wurin zama. Ba zan faɗi rumfarsa ba, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Wani dattijo mai sayar da boris, abokin Malam tun suna samari, shi ya ce kada in sa hannu a jaka sai wani babban makanike da ake kira Masta ya gani. Baba, Allah ya ƙara girma, wannan kalma taka ita ta tsare mana jari.

Masta mutumin Asante ne, amma Hausarsa ta zango ce tsantsa. Ya hana ni ambaton sunansa, na kuwa bi. Ya tayar da injin, ya saurara, ya kashe. Sai ya zagaya ya tsaya yana kallon tayoyin. Ya ce, "Hajiya, injinki bai yi laifin komai ba. Kun ƙara mata ƙafa, ba ku taɓa haƙoranta ba."

Ya sa aka ɗaga bayan motar, tayoyin biyu suka bar ƙasa. Ya ɗauko alli ya ja layi a jikin kowace taya, ya ja wani a jikin farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil, ƙarfen da ke juya tayoyi. Yara biyu suka juya tayoyin tare, a hankali, zagaye ɗaya, ni kuma ya ce in durƙusa in ƙirga. Farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya. Da aka kwance aksil ɗin muka ƙirga haƙora: babban faifan da suke kira kiraun yana da 41, ƙaramin, finiyon, yana da 10. 41 a raba da 10, shi ne 4.10. Ya ce babbar taya tana cin ƙasa da yawa a zagaye ɗaya, inji kuwa ƙarfinsa ɗaya ne, don haka kullum motar kamar a giyar sama take tashi, kuloci ke biyan bashin. Har agogon gudu ƙarya yake yi mana, in ya nuna 80 motar ta haura 90.

Lissafin a jikin ƙofar rumfa ya yi shi, ni kuma da yake lissafi abincina ne na bi shi da wayata: 33 a raba da 29, a ninka da 4.10, ya ba da wajen 4.67. Babu haƙora masu wannan lamba, sai dai 4.56 ko 4.88. Ya ce da motar yawo ce ta kwalta da ya sa 4.56, amma motar da ke fita daga gona da doya har saman bodi 4.88 ce daidai da ita, kiraun 39, finiyon 8. Ƙanin Malam, da zumuɗin direbobi, ya ce to me zai hana 5.29 a huta gaba ɗaya? Masta ya ce wannan finiyon ɗinta haƙora 7 ne kacal, ya fi ƙanƙanta, ya fi saurin karyewa, kuma a kan kwalta inji zai yi ta kuka yana shan mai a banza.

Inda na fi gode masa shi ne nan. Motar aksil biyu gare ta, gaba da baya. Haƙoran na baya aka samu a Kumasi, na gaba ya yi wuya. Wani mai kaya ya ce a sa na bayan kawai a ci gaba da nema, ai ba kullum ake sa fowil ba, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Gaskiya maganar ta yi min daɗi, don lokacin doya ne, kowace rana motar na tsaye asara ce. Masta ya ce ba a rumfarsa ba. Gaba 4.10, baya 4.88, ranar da direba ya shiga laka ya sa fowil, tayoyin gaba za su nemi su fi na baya gudu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, da zarar sun taka ƙasa mai tauri wani ƙarfe zai ba da kai, ko farfela ko akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya. Ya ce in na matsa, ga mabuɗi, in kai wani wuri. Na yi fushi ranar, ban ɓoye ba, shi kuma bai janye ba.

Ɗan yayata da ke Nima a Accra shi ya taka Abossey Okai, kasuwar kayan mota, rumfa-rumfa har ya samo na gaban, ya ƙirga haƙoran a gaban mai kayan, ya turo hoto, sannan ya sa a motar dare. Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kuɗin kuwa 'yan adashinmu ne suka yarda na ɗauki kwasar da ba tawa ba, wadda layinta ya zo ta ce in wuce gaba. Yaya, na san me kika ɗage saboda ni.

Ɗaurin ma ba na gaggawa ba ne. Ina zaune a benci na ga Masta ya shafa shuɗin fenti a haƙoran kiraun, ya juya, ya duba inda finiyon ya lashe fentin. Ya yi can bakin haƙori, sai ya kwance, ya canza wani siririn zoben ƙarfe da bai kai kaurin farce ba, ya sake ɗaurawa, ya sake shafawa. Haka ya yi ta yi har shaidar ta zauna a tsakiya. Ya kafa ɗan agogon awo ya gwada wasan da ke tsakanin haƙoran, bai kai 0.2 na milimita ba. Ya ce in ya yi yawa aksil zai yi ƙara, in ya yi kaɗan zai yi zafi ya cinye kansa. Yaran nan nasa, hannu duk baƙin mai, kullum "Mma, sannu da zama," su share min benci. Ƙaramin cikinsu shi ke tuna wa ƙanin Malam lokacin azahar, alhali shi coci yake zuwa. Allah ya nuna min ranar da kowannenku zai buɗe rumfarsa.

Yanzu tana tashi da kaya ba tare da an taka ta da ƙarfi ba, giya ta biyar ta dawo aiki, agogo kuma ɗan ƙari yake yi, in ya ce 80 muna wajen 76. Abin da sabbin haƙora ba su gyara ba shi ne birki: babbar taya ta fi wuyar tsayarwa, don haka an canza mata takalman birki, kuma Masta ya ja wa direba kunne, gangaren Mampong da giyar ƙasa ake sauka.

Masu jiran mu ɗauko musu kaya, ku ƙara haƙuri kaɗan. Sai ta yi kilomita 800 da rabin lodi, ana tsayawa aksil ya huce, sannan a zubar da man a zuba sabon 80W-90, kafin ta koma cikakken aiki. Wanda ya ba da kuɗin doya tun kafin motar ta tsaya shi ne farko a layi. Juma'a mai zuwa bayan la'asar akwai ɗan waina da addu'a a gida saboda Malam, kowa da kowa muna gayyata. Masta ya ce zai zo, da sharaɗin a sa masa yaji da yawa.