Yadda na bambance ji da zama a Sifaniyanci

A watannin farko da na yi a birnin Salamanka na ƙasar Sifaniya ina koyon Sifaniyanci, babu abin da ya wahalar da ni kamar wasu aikatau biyu da wasali ɗaya tal ya raba su, wato "sentir" da "sentar". Na farkon yana nufin ji, irin jin da mutum ke yi a jikinsa ko a ransa, na biyun kuwa zaunarwa ne, wanda idan mutum shi ne ya zaunar da kansa sai ya koma "sentarse". Tushensu a Latin ba ɗaya ba ne, domin ɗaya daga "sentire" ya fito, ɗayan kuma daga "sedere", amma idan mai magana yana faɗin abin da yake yi yanzu, sai su haɗe su zama abu guda. "Me siento" na iya zama ina ji, yana kuma iya zama ina zama, sai abin da ya biyo baya ne zai fayyace: "me siento mal" ba na jin daɗi ke nan, "me siento aquí" kuwa a nan nake zama.

Na ɗauka tunda sun haɗu a nan, ko'ina ma haka suke, kuma wannan zaton ne ya kai ni ga kunya. Wata Litinin malamarmu ta tambaye ni abin da ya hana ni zuwa aji ranar Juma'a, sai na amsa da ƙarfin gwiwa na ce "me senté mal", alhali nufina in ce ban ji daɗin jikina ba. Abin da na faɗa shi ne na yi mummunan zama, ajin kuwa ya kwashe da dariya. Da ta rubuta "me sentí" da "me senté" a kan allo, sai na gane cewa a shuɗaɗɗen lokaci wasalin ƙarshe ne ke ɗauke da ma'anar gaba ɗaya. A wajen umarni kuma wasulan musanya wuri suke yi, abin da har yau nake ganin kamar da gangan aka shirya shi don baƙo: idan kana son mutum ya zauna, abokinka za ka ce masa "siéntate", dattijo kuwa "siéntese", amma a aikatau ɗin ji "siéntete" ne da "siéntase". Na taɓa tashi a cikin bas don in ba wata tsohuwa wuri na ce mata "siéntase", wanda aikatau ɗin ji ne, ta dai zauna saboda ta ga hannuna yana nuna kujera.

Hausa ma ta taka rawa wajen ruɗa ni. Mu da kalmar ji muke jin yunwa da ƙishirwa da sanyi da tsoro, saboda haka da na samu "sentir" sai na ɗora mata duk wannan kaya, ina ta "siento hambre". Ana fahimta ta, amma su a maganar yau da kullum mallakar waɗannan abubuwa suke yi, suna cewa "tengo hambre", "tengo sed", "tengo frío", wato ina da yunwa, ina da ƙishirwa, ina da sanyi. Na ƙarshen nan ban daɗe ba na haddace shi, domin hunturun Salamanka ba ya jiran ɗalibi ya gama nahawu.

Wurin da na fi daɗewa ina kuskure shi ne "lo siento". An koya mini cewa ban haƙuri ne, sai na riƙa faɗinsa a kowane hali, ko zan ratsa mutane a kasuwa, ko zan tambayi hanya, ina mamakin yadda ake kallona kamar na aikata wani babban laifi. Ma'anarsa ta asali ita ce ina jin abin a raina, saboda haka ya fi ƙarfin ƙaramar gogayya. Idan ka taka ƙafar wani "perdón" ya wadatar, idan za ka tsayar da baƙo da tambaya "disculpe" ne, idan kuma za ka wuce ta gaban mutane sai ka ce "con permiso".

Nauyinsa na gaskiya ban gane shi ba sai ranar da ƙanen matar da nake haya a gidanta ya rasu. Maƙwabta suna shigowa suna riƙe hannunta suna cewa "lo siento mucho", babu wanda ya yi mata laifi a cikinsu, kamar dai yadda muke cewa a yi haƙuri a gidan makoki. Da na gaishe ta da kalmomin nan, ta ɗago kai ta nuna mini kujerar da ke kusa da ita ta ce "siéntate, hijo", wato zauna, ɗana, ni kuma na zauna.