Umma ta dawo gida: godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana

Alhamdu lillahi. Daren jiya Umma ta kwana a ɗakinta, kan gadonta, a Kano, bayan wata bakwai a Delhi. Ni sai yau da hantsi na samu na zauna. Idanuna kamar an zuba musu yashi, amma ba zan iya sake kwana ban sauke wannan nauyin ba.

Ba sai na maimaita muku komai ba, tare muka yi. Kun san ciwon bayan da aka yi ta shafa wa man zafi ana cewa sanyi ne, kun san ranar da aka ce sankarar ɓargo ce, wadda likitoci ke kira mayeloma. Kun san allurar bortezomib da ta kwantar da cutar har muka saki jiki, da yadda ta sake tasowa. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Yaya, shi ne abin da ya faru ranar da aka fara ɗaura mata daratumumab.

Tun da safe likita ya zaunar da mu, ya zana mana hoto a bayan takarda. Ya ce ƙwayoyin cutar suna ɗauke da wani tambari a jikinsu mai suna CD38, shi kuma maganin sai ya bi jini yana neman wannan tambarin, ya manne, ya nuna wa garkuwar jiki inda abokin gaba yake. Ya ce a 2015 aka fara amincewa da shi a Amurka, kuma a karon farko jiki yakan yi gardama. Na ce to. Ashe jin magana daban, gani daban.

Ruwan bai kai awa biyu yana shiga ba sai Umma ta fara tari. Daga tari sai rawar sanyi, har gadon yana ƙara. Ta nuna maƙogwaronta, ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban san ya rage mata ba, ta ce, "Auta, akwai kuɗin mai itace, na kaya biyu, ban biya ba. Ki biya shi." Sai ta kama kalmar shahada. Wallahi a wannan lokacin ƙafafuna suka daina ɗaukata. Muna wata uwa duniya, ba dangi, ba wanda ke jin yarenmu, uwata tana ba ni wasiyya.

Nas ta shigo da gudu ta tsayar da ruwan, ta yi mata allura. Tana magana ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Sai ga yaron nan ɗan Maraɗi da ke karatu a can, wanda yake mana tafinta. Aikinsa ya ƙare tun azahar, ba sisinmu a kansa, amma ashe bai tafi ba, yana zaune a baranda. Ya durƙusa daga bakin gado ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ajali ba ne in Allah ya yarda. Sun ce maganin ne ke gaisawa da jiki, yanzu zai lafa." Ya yi ta ja mata salati a hankali har numfashinta ya daidaita. Aka mayar da ruwan yana ɗiga kaɗan-kaɗan har bayan isha'i. Washegari ya zo da kunun tsamiya a fulas, shi ya dama da kansa, domin gero da tsamiya duk akwai su a kasuwar can. Kwana huɗu Umma ba ta sa komai a baki ba, ranar ta sha kofi biyu. Ɗan'uwa, ka hana ni faɗin sunanka, na bari. Allah ya jiƙan iyayenka da rahama, ya ba ka abin da ka je nema, ya haɗa ka da mai tsaya maka ranar da ba ka da kowa.

Na san ba a tallar alheri, amma ku yafe mini. Kawu na Zariya, ka sayar da filinka ba ka yi shawara da kowa ba. Gwaggo, kin riƙe 'ya'yana wata bakwai, ko sau ɗaya ba ki kira kin ce sun dame ki ba. Matan Islamiyyar Umma, kun haɗa kuɗin adashenku kun aiko, kun sauke mata Alƙur'ani ba adadi. Liman da jama'ar masallacin unguwa, addu'arku ta iso mu. Allah ya saka da Aljanna Firdausi, ya suturta ku duniya da lahira, ya sa kada ku san irin wannan jinya ko a mafarki. Waɗanda Umma ta goya a bayanta, ta aurar, amma wata bakwai ko saƙon "ya jiki" bai fito daga wayarsu ba, ta ce in ce tana gaishe ku. Na faɗa.

Akwai kuma waɗanda ban san su ba, kuma sun daɗe a raina: majinyatan da suka yarda aka gwada wannan magani a jikinsu tun ba a san ko zai yi aiki ba. Wasunsu ba su ga ƙarshen gwajin ba. Da su da masu binciken ne Umma ta samu numfashin da take yi yau. Na tambayi likita, in cutar ta sake dawowa fa? Ya ce ƙofa ba ta rufe ba. Akwai teclistamab da aka amince da shi a 2022, mai hannu biyu, ɗaya ya riƙe ƙwayar cutar ta wani tambarin mai suna BCMA, ɗayan ya jawo sojan garkuwar jiki ya haɗa su gaba da gaba. Akwai CAR-T da aka amince da shi don wannan cuta tun 2021, inda ake ɗibar ƙwayoyin garkuwar majinyaci a horar da su a mayar masa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, a Amurka an gano baƙar fata sun ninka farare kamuwa da wannan cuta, amma su ne 'yan kaɗan a gwaje-gwajen, mu nan kuwa sai an sayar da fili kafin a taɓa maganin.

Don Allah kada a ce Umma ta warke. Cutar ta kwanta ne, furotin ɗin da ake aunawa a jininta ya sauka ƙasa sosai, kuma za ta ci gaba da karɓar maganin wata-wata. Akwai kati a jakarta da ke nuna tana kan daratumumab, domin yana rikita gwajin da ake yi kafin ƙarin jini. Duk wanda ya raka ta asibiti ya nuna shi.

Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, kuma mai mura ko tari ya yi mana afuwa ya kira ta waya, garkuwar jikinta ba ta yi ƙwari ba tukuna. Mai itace kuwa na je da kaina ɗazu. Da ya ji labari ya ƙi karɓa, sai da na ce Umma ce ta rantse.