Ranar da na share wa kifi abincinsa

Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni wallahi. Asabar ce, karo na farko da na bi ƴan sa kai na unguwarmu a birnin Seattle na Amurka zuwa wani ɗan bakin ruwa da ba a yi gini a kai ba, kusa da inda kogin Duwamish ke shiga teku. Irin wuraren nan saura kaɗan, kusan ko'ina an ja bangon siminti ko an jibga duwatsu, shi ya sa ƴan unguwa suka tsaya kai da fata kar a taɓa wannan. Aikin da aka ce mu yi shi ne tuge ƙayar blakberi da ta cinye wurin, shi kenan fa.

To ni sarkin zumuɗi na riga kowa zuwa, na tarar da gungumen itace da ruwa ya kawo, ga ciyawar teku ta ruɓe tana wari, na ce a'a wannan ai ƙazanta ce. Na naɗe hannun riga na janye itatuwan can sama, na kwashe ciyawar a buhu, wuri ya yi fes kamar filin idi, har ina jiran a yaba min.

Dattijuwar da ke jagorantarmu ta zo ta tsaya ta yi shiru, shirun nan ya fi min zagi ciwo. Ashe ƴaƴan kifin salmon, irin Chinook ɗin nan da gwamnatin Amurka ta sa cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa a Puget Sound, wato mashigin tekun da Seattle ke bakinsa, tun 1999, in sun sauko daga kogi ba su wuce tsawon yatsa ba sosai, gefe-gefe suke bi inda ruwa ba zurfi don manyan kifaye kar su haɗiye su, kuma ƙananan ƙwarin da ke cikin ruɓaɓɓiyar ciyawar nan suna cikin abincinsu. Itatuwan kuwa su ke riƙe yashi. Wato abinci na zuba musu a buhun shara.

Haka na wuni ina mayar da gungume ɗai-ɗai, bayana ya yi kwana uku bai dawo daidai ba, blakberin ma ko ɗaya ban tuge ba. Leda da kwalba kwashe abinka, amma duk abin da ruwa ya kawo na itace ko ciyawa, don Allah ka tambaya tukuna. Ni yanzu ko da gangan ba na riga ta zuwa, a mota nake zama sai na hango ta.