Hannunsa Zai Huce

Ƙannena masu sha'awar horar da ƙwallon kwando, bari in ba ku labarin wautar da na tafka, ko kwa tsira daga irinta.

Yaranmu na Agege na kai wasa filin Rowe Park da ke Yaba a Legas. Dogaye ne, don haka na fara da tsaron yanki, wato kowa ya tsare gurbinsa maimakon bin mutum, biyu a gaba uku a baya, muka toshe ƙarƙashin kwando. Kwata ta farko lafiya lau, muna gaba da maki takwas. Sai kocin abokan karawarmu, wani dattijo da ko murya ba ya ɗagawa, ya sako wani siririn yaro ya dasa shi a kusurwa. Irin wannan tsaro kuwa kusurwa ce lagonsa. Yaro ya jefa mai maki uku, ta shiga. Ya sake. Ya kuma sakewa.

Ni ina tsaye na harɗe hannu, wai hannunsa zai huce. Mataimakina ya matso ya ce, "Yaya, mu koma mutum-da-mutum mana." Na ce tsarin da muka yi wata guda muna atisaye ba zan zubar da shi saboda yaro ɗaya ba. Girman kai ne tsagwaronsa.

Dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta ba koci damar tsayar da wasa na minti ɗaya sau biyu kafin hutun rabin lokaci, sau uku bayansa, kuma wadda ba ka yi amfani da ita ba ta ƙone. Biyun farko ko taɓa su ban yi ba, sai ka ce a banki zan ajiye. Yanzu da an zura mana kwando uku a jere ba mu rama ba, nake tsayar da wasa, ko don yara su sha ruwa hankalinsu ya dawo.

Da na tsayar a kwata ta uku ma, ɓata minti ɗin na yi da faɗa da umarni kusan biyar. Yaron da ke haki abu ɗaya yake iya riƙewa. Da cewa na yi, "Kai, manne wa na kusurwa, ko benci ya tafi ka raka shi," da ya wadatar.

Da maki goma sha ɗaya aka ci mu. A cikin danfo, daga Yaba har Agege, mataimakina bai ce mini uffan ba.