Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Lissafin Zango a Kan Tsauni

Masu bibiyar wannan tarihi, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a kan haɗa jaka. Kafin labari ya ci gaba, wannan makon zai tafi ne a kan abin da ya fi komai muhimmanci ga mai tafiyar ƙafa tsakanin ƙauyukan tsauni, wato lissafin zango: daga ina za ka tashi, a ina za ka kwana, kuma awa nawa ne a tsakani. Mai kuɗi idan ya yi kuskure sai ya ɗauki hayar alfadari ko ɗan dako. Kai da ka fito da guzuri ƙididdigagge, ƙafarka ce za ta biya.

A kan tsauni ba a auna tafiya da kilomita kaɗai. Wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar da wata ƙa'ida a 1892 wadda har yau ake aiki da ita: ka ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, sannan ka ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 na hawa. A ce tsakanin ƙauyuka biyu kilomita 12 ne, hawan kuma mita 900. Nisan zai ci awa biyu da minti 24, hawan ya ci awa ɗaya da rabi, kusan awa huɗu ke nan. To amma wannan lissafin na ƙaƙƙarfa ne a hanya mai kyau, babu hutu a ciki. Da jaka a baya, ni shawarata ka ƙara sulusi, sai ya haura awa biyar. Hawan kuma ba bambancin tsayin ƙauyukan biyu ba ne kawai. Idan hanya ta gangara kwazazzabo ta sake haurowa, duk abin da ka sauka sai ka sake hawansa, don haka ka bi layukan tsayi da ke jikin taswira ka tara su. Inda layukan suka matsu da juna, nan ne tsayin yake a miƙe.

Kada ka ɗauka gangara hutu ce. Gangara mai tsakuwa tana cin lokaci kusan kamar hawa, kuma ita ke kashe gwiwa. Kafin ka fara sauka ka ƙara ɗaure igiyar takalmi, in ba haka ba yatsunka za su riƙa dukan bakin takalmin har farce ya yi baƙi.

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambaya. Mutumin ƙauye idan ya ce maka awa biyu ne, gaskiya ya faɗa, sai dai awa biyunsa ce, shi da aka haifa a hanyar. Ka ninka. Kuma kada ka nuna hanya ka ce, "Wannan ce take zuwa ƙauye kaza?" Wanda bai ji yarenka sosai ba zai gyaɗa kai don ya faranta maka. Ka ce, "Ina wannan hanyar take zuwa?" ka bar shi ya ambaci sunan da bakinsa. Labarin gada da ta karye ko zaftarewar ƙasa kuwa, wanda ya fito daga inda za ka shi ya fi kowa sani.

Tashi da asuba ba gwaninta ba ce, dalili ne ya kawo shi. A yawancin tsaunuka hadari da iska da hazo bayan azahar suke tasowa. Rafin da ke samun ruwa daga narkewar ƙanƙara ma haka: da safe iya ƙauri, da la'asar ya kai cinya, domin rana ta yini tana narkar da ƙanƙarar sama. Idan za ka tsallaka, ka kwance maɗaurin jaka na ƙugu yadda za ka iya yar da ita in ka faɗi, ka fuskanci inda ruwan yake fitowa, ka dogara da sanda, kuma kada ka shiga babu takalmi. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, haƙura ake yi. Tun da dare ka yanke lokacin juyawa: in ƙarfe kaza ta yi ban kai rabin hanya ba, na koma. Ka tsara isa masauki da saura aƙalla awa biyu rana ta faɗi.

Idan ka ji ƙararrawar ayarin alfadarai a siririyar hanya, ka matsa ta ɓangaren jikin dutse, ba ta bakin rami ba. Dabbar ba ta san faɗin kayan da ke bayanta ba, buhu ɗaya ya isa ya ture ka.

Yanzu ga inda lissafin yake zama batun rai. Daga tsayin mita 2,500 zuwa sama, iskar da kake shaƙa tana raguwar ƙarfi, jiki kuma yana bukatar kwanaki kafin ya saba. Abin da ake dubawa shi ne tsayin wurin kwana, ba inda ka taka da rana ba. Bayan mita 3,000, kada makwancin yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk kwana uku ko huɗu ka huta yini guda. Shi ya sa a Nefal masu zagaya tsaunin Annapurna suke kwana biyu a ƙauyen Manang, wajen mita 3,500, kafin su tunkari mashigar Thorong La mai mita 5,416. Mai tsimin kuɗi shi ya fi faɗawa tarkon nan, domin yana ganin ranar hutu asarar kuɗin ɗaki da abinci ce, sai ya haɗe zango biyu. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan. Matashi mai sauri ma ya fi saurin wuce ƙa'ida.

Ciwon da saurin hawa ke jawowa yana farawa da ciwon kai, rashin cin abinci, tashin zuciya da barci marar daɗi, galibi awanni bayan isa. Mai wannan alama ba ya ƙara hawa har sai ta gushe. Amma idan mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari mai kumfa, to ruwa ne ya fara taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Saukowa ake yi nan take, ko da tsakar dare ne, mita 500 zuwa 1,000, kuma ba a barinsa ya sauka shi kaɗai. Akwai ƙwayar Diamox da ke taimaka wa jiki ya saba, amma likita ake gani tun kafin a bar gida.

Sanyi ma da lissafinsa: kowane mita 1,000 na hawa yana rage zafi da kusan digiri 6 da rabi. Rigar auduga tana riƙe gumi, da ka tsaya sai ta zama ƙanƙara a jikinka, don haka ka ware busasshiyar riga da safa a cikin leda, na kwana kawai. Waya da tocila su kwana a cikin bargo tare da kai, sanyi yana zuƙe batir.

Ruwan ƙorama komai haskensa, ka tuna akwai garke ko ƙauye a samansa. Tafasawar minti ɗaya ta isa, amma sama da mita 2,000 ka ba shi minti uku, saboda a can ruwa yana tafasa tun bai yi zafi sosai ba. Ƙwayar kulorin ta tsaftace ruwa tana son rabin awa, in ruwan ya yi sanyi ƙwarai a ƙara. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jakarka kuma bai kamata ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka ba, saboda haka ka san inda ruwa yake a hanya maimakon ka yi dakonsa. Wurin da ka ji yana ɗumi a diddige, tsaya ka manna filasta tun bai zama bororo ba.

Kuɗi kuwa a hannu, ƙananan takardu, domin babu banki kuma babu canji. Komai yana ƙara tsada gwargwadon hawa, tunda a bayan mutum ko dabba aka kai shi. A masaukan Nefal ɗaki yana da araha ne bisa sharaɗin a nan za ka ci abinci, don haka ka tambayi kuɗin duka biyun kafin ka sauke jaka. Ka ware kuɗin kwana biyu da ba ka taɓawa, na ranar da ruwan sama ko zawo zai zaunar da kai.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun neman masauki a ƙauyen da babu gidan baƙi.