Abin da aiki da impak direba ya koya mini

Aikin da ya sa na fara riƙe impak direba mai batir, wato na'urar ɗaure sukurori da ke haɗa juyawa da duka, shi ne kafa rumfar katako, wadda sai an tura dogayen sukurori masu tsawon santimita 10 zuwa 12 cikin katako mai kauri. Diril ɗin da na saba da shi yana iya aikin, amma duk lokacin da sukuru ya cije sai ya fizge mini wuyan hannu, kafin yamma hannun ya yi tsami. Da na karɓi impak direba sai na ga sukurun yana nutsewa cikin katako, hannuna kuwa ko gezau. Daɗin na'urar ke nan, kuma a nan haɗarinta yake. Ƙarfin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Hannu ne kawai ya daina jin sa.

Sai da na fahimci abin da ke cikinta sannan na san yadda zan zauna da ita lafiya. A bayan bakin na'urar akwai wani dunƙulen ƙarfe mai haƙora biyu da ke aikin guduma, da sifirin mai tura shi gaba, da kuma ƙarfen da yake duka, wanda shi ne ke juya bit, wato ɗan ƙarfen da ake sawa a bakin na'urar ya shiga kan sukuru. Muddin sukuru yana tafiya cikin sauƙi, na'urar juyawa kawai take yi kamar kowane diril. Da zarar ya yi tauri, gudumar sai ta ja baya ta matse sifirin, ta kuɓuce, ta zagayo ta daki ƙarfen ta gefe. Wannan ne ƙarar "tatatata" da ake ji. Yawancin masu batir na 18V suna yin irin wannan duka fiye da sau 3,000 a minti guda, ƙarfin murɗawarsu kuma yakan kai 150 zuwa 200 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗawa), wato ninki biyu ko uku na diril ɗin da aka saba ajiyewa a gida. Tun da dukan gajere ne, ya wuce kafin jikin na'urar ya juya a hannunka. Kada a haɗa ta da diril mai guduma da ake huda kankare da shi: shi gaba yake duka, ita kuwa ta gefe take duka, wajen da sukuru ke juyawa.

To, ƙarfin da hannu bai ji ba, ina ya tafi? Ya tafi kan bit, da kan sukuru, da cikin katako, sauran kuma ya fito a matsayin ƙara ya shiga kunne. Duk abin da na koya a kan waɗannan yake.

Bit ne ya fara nuna mini. Wani da muke aikin tare ya ɗauko bit irin na diril, fari mai sheƙi, ya sa a tasa na'urar don nasa ya ɓace cikin dusar katako. Ina tsugune kusa da shi ina riƙe masa ƙarshen falanki. Sukurun ya shiga rabi, na'urar ta fara duka, sai na ji "ƙyas", wani abu ya daki tabarau na kariya da ke fuskata. Da muka duba, haƙori ɗaya daga cikin huɗun bit ɗin ya ɓalle, wurin karayar fari fat, mai tsini. Guntun bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma ya bar zane a jikin tabarau daidai saitin idona na hagu. Ba ni ke riƙe da na'urar ba, ka lura. Tun daga ranar, wanda zai tsaya kusa da ni ina aiki sai ya sa tabarau, ko da riƙe katako kawai zai yi.

Bit na diril ƙarfensa mai tauri ne ƙwarai, shi ya sa ba ya saurin cinyewa, amma taurin ne ke sa ya fashe idan aka dake shi. Wanda aka yi don impak direba yawanci baƙi ne, kuma idan ka ɗaga shi ka duba za ka ga tsakiyarsa a tsuke. Wannan tsukakken wuri yakan ɗan murɗe ya dawo a kowane duka, ya shanye zafin bugun kafin ya kai ga haƙora. Haka ma soket na kwance noti: farare masu sheƙi na sifanar hannu ne, suna iya tsagewa, baƙaƙe masu kaurin jiki su ne na bugu. Shi kansa bit na bugu yana da iyakar rayuwa. Idan haƙoransa sun fara lanƙwasa ko bakin ya yi sulɓi, jefar da shi nake yi, ba na jira ya ƙarasa mini aikin yau.

Akwai kuma maganar dacewar bit da kan sukuru, wadda mutane da yawa ba sa kula da ita. Sukurori masu kan giciye iri biyu ne da ke kama da juna, Phillips da Pozidriv. Ɗauki sukurun ka kai shi kusa da ido. Idan ka ga wasu ƙananan layuka huɗu sirara a tsakanin hannuwan giciyen, Pozidriv ne, bit ɗinsa an rubuta PZ a jiki, galibi PZ2. Idan giciyen ne kawai, Phillips ne, nasa PH2. Bit na ɗaya yana shiga kan ɗaya, shi ya sa ake ruɗuwa, amma ba ya zama daram. Da duka ya fara sai ya yi tsalle ya fito, ya cinye kan sukurun, kuma tun da kana danne da na'urar da nauyin jikinka, tsinin bit ɗin ya sauka a duk abin da ke kusa. Abin da ya fi kusa kuwa shi ne hannunka na hagu da ke riƙe da sukurun. Wani dattijon kafinta da ya ga yadda nake tsayar da sukuru ya ce mini, "Yaro, yatsun nan naka biyu aikinsu ya ƙare da zarar sukuru ya kama katako. Janye su kafin ta fara magana." Haka nake yi har yau: in taɓa kunamar na'urar a hankali, sukuru ya yi zagaye biyu ko uku ya tsaya da kansa, in ɗauke hannun in mayar da shi bayan na'urar, sannan in ƙara wuta. Mariƙin bit mai maganaɗisu ya ƙara sauƙaƙa wannan. A manyan ayyuka kuma na koma sukurori masu kan tauraro, Torx, irin T20 da T25, domin su ba kasafai bit ke zamewa a kansu ba.

Bakin na'urar rami ne mai kusurwa shida, faɗinsa kwatan inci, da zobe a kewaye. Bayan na zura bit nakan ja shi da yatsu in ji ya kama. Wanda bai kama ba yakan maƙale a kan sukuru ko ya faɗo, in kana saman tsani kuma wani yana ƙasa, ka san sauran. Kafin in canja bit nakan tura maɓallin gaba da baya zuwa tsakiya, inda yake kulle kunamar. In aikin zai sa yatsuna su daɗe a bakin na'urar, batirin nake zarewa gaba ɗaya. Na'urar da ke da wayar lantarki idan ka zare ta daga bango ta mutu, ta batir kuwa kullum a raye take, ko a cikin jaka, ko a hannun yaro.

Kunne shi ne abin da aka fi zalunta a wannan aiki, don shi ba ya jini. Impak direba a lokacin duka takan kai kusan desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kuma a tazarar hannu take da kanka, wani lokaci ma cikin kabad ko lungun da ke maido da ƙarar. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suka fi amfani da shi shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. Ka yi lissafin: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 97 rabin awa, 100 minti goma sha biyar. Minti goma sha biyar a yini guda. Mai shimfiɗa daɓen katako yakan wuce haka kafin ya huta na farko. Ƙananan gashin da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Na san masu sana'a da ba su tsufa ba amma sai ka maimaita musu magana, wasu kuma kunnensu na yi musu ƙara dare da rana. Abin toshe kunne na soso ba shi da nauyi ko wahalar sawa: a murza shi ya sirance, a ja kunne sama, a zura, a riƙe shi ya kumbura. Nawa a cikin akwatin na'urar suke zama, a kan batir, yadda ba zan ɗauki ɗaya in manta ɗaya ba.

Wani bambanci da diril shi ne yawancin impak direba ba su da zoben nan mai lambobi da ke sa diril ya saki idan sukuru ya ɗauru. Ita ba ta san "ya isa" ba. Muddin yatsanka na kan kunama za ta ci gaba da duka har kan sukurun ya nutse cikin katako, ko ya tsinke, ko katakon ya tsage. Don haka yatsa da ido su ne awo. Idan kan sukuru ya kusa taɓa katako nakan saki, in ƙarasa da ɗan taɓi biyu ko uku. A kusa da bakin falanki, ko a katako mai tauri, sai na fara huda ƙaramin rami da diril. Wasu na ganin ɓata lokaci ne tun da na'urar za ta iya tura sukurun da ƙarfin tsiya. Za ta iya, amma falankin da ya tsage a ƙarƙashin ƙafar wanda ke tsaye a kansa ya fi ɓata lokaci muni. Sukurun da aka tura ko aka zaro da gudu kuma yana ɗaukar zafin da zai ƙona yatsa, bit ɗin ma haka, sai a ba su ɗan lokaci.

Akwai ayyukan da ba na kai ta ko kusa: ƙananan sukurorin hinjin ƙofar kabad, murfin soket da makunnin lantarki, kayan ɗaki na matsattsen garin katako da ake haɗawa a gida. Notin tayar mota ma ba aikinta ba ne. Wannan yana da adadin ɗaurin da kamfanin motar ya ƙayyade, da sifana mai awo ake cika shi.

Guntun katako ba na riƙe shi da hannu ko in danne da gwiwa, matse shi nake yi a jikin tebur da ƙarfen matsi. Safar hannu mai sako-sako, da hannun riga mai reto, da igiyar wuya, duk abin da ke juyawa yana iya naɗe su. In zan sa safa, mai kama hannu tsam nake sawa. A kan tsani nakan rataye na'urar a ɗamara da ƙugiyarta in hau da hannu biyu, kuma ba na miƙa jiki gefe don in kai ga sukuru ɗaya, gara in sauko in matsar da tsanin, domin idan bit ya zame alhali ka jingina nauyinka a kansa, kai ne za ka bi shi. A bango kuwa, wayoyin lantarki galibi a miƙe suke tafiya, sama ko ƙasa ko gefe daga soket da makunni, don haka nakan kauce wa waɗannan layuka, in duba da na'urar gano waya, in riƙe impak direba ta wajen robarta kawai. Idan aiki ya yi tsawo har yatsu suka fara zugi ko suka yi sanyi, wannan girgiza ce ke taɓa jijiyoyi, sai in ajiye in huta, in kuma sassauta riƙo, don na'urar ba ta buƙatar a shaƙe ta.

Batirin lithium ne, ƙwayoyi biyar a jere, kowace 3.6V, shi ne 18V. Wanda aka rubuta wa "20V Max" shi ma ƙwayoyi biyar ɗin ne, an dai ƙirga su ne a lokacin da suka cika taf. Wutar da ke cikinsa ba ta wasa ba ce. Idan aka jefa shi tsirara cikin jakar da ke cike da sukurori da ƙusoshi, ƙarfe ɗaya ya haɗa bakunansa biyu, yana iya yin zafin da zai kama da wuta. Shi ya sa nawa ko dai yana jikin na'ura, ko a gurbinsa cikin akwati. Ba na barin sa a rufaffiyar mota cikin rana. Ba na sa shi a caja yana da zafi daga aiki, sai ya huce, kuma ba a cajin irinsa a sanyin da ya kai na ƙanƙara. Cajar da aka yi masa kaɗai nake amfani da ita, a kan daɓen siminti, nesa da dusar katako da fenti, kuma a lokacin da nake farke ina kusa. Batirin da ya faɗo daga sama ya tsage, ko ya kumbura, ko yake wari, ko yake zafi alhali ba a aiki da shi, na daina amfani da shi ke nan. Nakan liƙe bakunansa da salatif, in ajiye shi a waje kan ƙasa ko yashi nesa da abin da ke ci da wuta, har in kai shi inda ake karɓar matattun batura, domin a cikin shara idan aka matse shi yana iya tayar da gobara.