Gugguru da gyaɗa mai gishiri

Tun safe auta ta ishe ni da "Mama me zan ci", ni kuwa na gaji da sayen biskit wallahi. Sai na tuna da masarar gugguru da ɗanyar gyaɗar da na sayo kasuwar Kawo ranar Talata. Gyaɗar muka jiƙa a ruwan gishiri, ta sha iska, na soya cikin yashi irin na Hajiyarmu. Gugguru kuma mai cokali 2 a tukunya sai murfi, yana fara fas fas yarinya ta kwasa sai bayan ƙofa tana leƙe, wai tukunya na faɗa. Ita ta barbaɗa gishirin, hannunta ya ɗan zarce amma muka cinye tas.

Ashe duk shekarun nan bata san daga masara gugguru yake fitowa ba, a leda kawai ta san shi.